Gishirin da na tara a saman ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin da kasuwar fata ta fara yi da ni har na fara jin kaina, na sayi gida a unguwar Gidan Dare, a Sakkwato. Mu fata muka gada. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a kan fatar akuya da ƙirgi, wato fatar shanu, ya ƙare rayuwarsa, ni ma a cikinsu na buɗe ido. Ka miƙo mini fata ko idona a rufe, da yatsa zan gaya maka ko wuƙar mai fiɗa ta taɓa ta, ko ta kwana ba gishiri, ko dabbar ta yi ƙazuwa kafin a yanka ta. To wannan ɗan ilimin ne ya ruɗe ni. Na ɗauka wanda ya san fata ya san komai.

Ranar da dillali ya kai ni ganin gidan, ban yi minti ashirin a ciki ba. Ni da nake iya ɓata awa guda a kan ƙirgi ɗaya ina juya shi! Na ga ƙofar ƙarfe babba, na ga tayil yana ƙyalli, na ga fenti ruwan madara. Dillali ya nuna sama ya ce, "Alhaji, wanga gida dekin na, ba kwano ba. Gobe in ka so sai ka aza bene." Shi ke nan, maganar ta gama da ni. A wurina a lokacin, gidan da aka zuba wa kankare a sama ya gama haɗuwa, ba sauran tambaya.

Ɗakin da ya fi kowanne shi na ba mahaifiyata. Yana can ƙarshe, ga sanyi, ga banɗaki a ciki, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, daga gado zuwa ƙofa ma sai ta dafa bango. Yini take yi a kan gadon nan da carbinta da rediyonta. Duk baƙon da na yi, sai na kai shi ya gaishe ta, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin abin don ya ga ɗakin ne.

Benen dai ban aza ba. Sai na dubi saman dekin, fili fetal, ga iska, ga matakala ta waje, ba kare, ba ɓarawo, maƙwabta ba za su dame ni da maganar wari ba. Na ce ai ga ma'ajiya Allah ya ba ni kyauta. Na sa aka kafa rumfar kwano a can, daidai saman ɗakin Inna don nan ne ya fi nisa da titi, na mayar da aikin fata gaba ɗaya sama.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ɗanyar fata ba ta jira. Da an kawo ta sai a shimfiɗa, a zuba mata gishiri sosai, a ɗora wata a kai, a sake zubawa, har tulin ya kai ƙirjin mutum. Gishirin yana janye ruwan jikinta, ruwan yana tsiyaya ƙasa, jaja-jaja, mai kauri. A tsohuwar ma'ajiyarmu ƙasa ce take shanye shi. A nan kuwa dekin ne. Wallahi har yabonsa nake yi, ina ce wa ma'aikatana, "Kun ga dekin kirki, ko shara ba ya so, da kansa yake shanye ruwan." Ku ji fa. Shekara bakwai ina wannan yabon.

A shekara ta huɗu ko ta biyar wani layi ruwan ƙasa ya fito a rufin ɗakin Inna, kamar an zuba shayi ya bushe. Na kira mai fenti ya shafe. Bayan watanni ya dawo, ya zo da ɗan'uwansa. Na sake kiran mai fenti. Sai abin ya zama al'ada, duk Sallah a yi wa ɗakin Inna sabon fenti, mutane suna cewa Alhaji yana ji da mahaifiyarsa, ni kuma ina murmushi.

Ina da wani aboki tun firamare, injiniyan gini ne, yana zaune a unguwar Arkilla. Aikinsa shi ne a tura shi ya duba gini, ya rubuta ko ya dace mutane su zauna a ciki ko bai dace ba. Mu a majalisa tsokanarsa muke yi, muna ce masa mai ƙwanƙwasa bangon mutane. Ya sha zuwa gidana, amma iyakarsa falo. A shekara ta bakwai, kwana uku bayan Babbar Sallah, ya zo da hantsi ya ce yau sai ya shiga ya yi wa Inna barka da Sallah, don ya ji an ce ƙafar ta matsa mata. Lokacin kuwa fatun layya sun cika sama maƙil, ban taɓa tara irinsu ba, ga motar gishiri ta iso ana saukewa.

Muka shiga, ya durƙusa ya gaishe ta. Tana tambayarsa iyali, yana amsawa, sai na ga idonsa ya tafi sama ya tsaya. Fentin bai fi sati biyu ba, amma layin ya riga ya huda shi. Inna ta ce, "Ɗana, mi kaka kallo haka?" Ya ce, "Ba komai Inna, fentin na ya yi kyau." Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Muna fita ya kama hannuna ya ja ni bayan ɗakin.

"Mi ka aza bisa ɗakin ga?"

Na ce fata.

"Da gishiri?"

Na yi dariya na ce, "To da mi za a aje fata, da sukari?"

Bai yi dariya ba. Ya ce tun yaushe, na ce shekara bakwai. Sai ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, irin yadda mutum yake faɗa in an gaya masa rasuwa. Amma girman kai bai bar ni ba. Na ce masa kankare ne fa, ba jinka ba, ko mota aka ɗora zai ɗauka.

Ya ce in zo mu hau. A sama ya hana ni shiga tsakiya, ya ce mu bi gefe, ta kan bango. Ya ɗauki butar da ma'aikata suke alwala da ita, ya tsiyaya ruwa a gefen dekin. Ruwan bai tsaya ba, bai kuma bi ta inda aka yi masa hanyar fita ba. Sai ya miƙe ɗoɗar zuwa tsakiya, ya shige ƙarƙashin tulin fatun. Ya sake zubawa ta wani gefen, nan ma tsakiya ya nufa. Ya ce, "Ka gani? Dekin ya lotsa. Cikinsa akwai rodi, su ke riƙe da shi, kankaren shi kaɗai ba ya iya ɗaukar kansa. Ruwan gishirin ga da kake cewa yana shanyewa, wurin rodin yake zuwa. Layin da kake shafewa da fenti tsatsarsu ce take fitowa." Na tambaye shi daidai ina ne tsakiyar nan in an sauka ƙasa. Na san amsar, bakina ne kawai ya tambaya. Ya ce, "Gadon Inna."

Ban san lokacin da na sauko matakalar ba. Ya biyo ni yana cewa kada in yi gudu, kada in buga ƙofa, a fito da ita yanzu, a hana kowa hawa. Na isa bakin ɗakin, sai na tarar ta kabbara sallar walaha. A zaune take yi a kan gado saboda ƙafar, fuskarta gabas, ba ta ma san ina wurin ba. Inna kuwa ba ta gaggawa a sallah, ko a lokacin da take da ƙarfinta.

Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ban taɓa kallon rufin ɗakin nan da idon gaskiya ba sai ranar. Layukan ba biyu ba ne, sun fi biyar, sun jeru kamar an ja su da rula, kuma tsakanin biyu daga ciki fentin ya kumbura ya yi ciki. Ina ta lissafin abin da ke samansa: tulin fatu har ƙirji, buhunan gishiri, ruwan shekara bakwai. Ga tsohuwa a ƙasa ta sunkuya tana tasbihi.

Sai na ji dim! daga sama. Ashe a ruɗewar da muka yi ba wanda ya gaya wa masu sauke gishiri su tsaya. Ɗaya ya hau da buhu ta matakalar waje ya yar da shi yadda suka saba. Wani ɓawon fenti ya saki, ya sauko yana lilo, ya sauka a kan mayafin Inna. Bayansa ɗan yashi ya zubo siriri. Ita ko motsi ba ta yi ba. Abokina ya fita da sauri, na ji shi a tsakar gida yana ɗaga murya yana cewa, "Ku tsaya! Kowa shi tsaya inda yake! Kai na sama, sauko ta gefe, a hankali!" Ni kuwa na kasa gaba na kasa baya. In katse mata sallah, ban taɓa ba tunda aka haife ni. In jira, ban san ko rufin zai jira ba. Abin da na iya kawai shi ne na taka a hankali na je na tsaya a kanta, na sunkuya na rufe ta da jikina, kamar bayana zai tare kankare. Wauta ce, na sani, amma ita ce ta zo mini.

Tana yin sallama ta ɗago ta gan ni a kanta. Ta ce, "Kai lahiya? Mi ya same ka?" Na ce, "Inna, fita za mu yi." Ta ce ba ta shafa addu'a ba. Na ce ta shafa a waje. Ta ce carbinta, rediyonta, takalminta. Ban saurare ta ba, na sa hannu na ɗauke ta cak. Rabona da in san nauyin Inna ban sani ba, ashe ba ta da nauyin komai, ƙirgi ɗaya ya fi ta. Tana ta faɗa, "Sauke ni, ɗan nan, mutane na kallo! Haukacewa ka yi?" Ban sauke ta ba sai a gindin dalbejiyar tsakar gida. Ina ajiye ta na zauna a ƙasa daɓas, da babbar rigata ta Sallah.

Bayan an fitar da kowa daga wannan ɓangaren, abokina ya ɗauko wani dogon ƙarfe siriri a motarsa, ya ɗaura alli a kan sanda. Bai shiga tsakiyar ɗakin ba, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce in tsaya bayansa in saurara. Ya ƙwanƙwasa rufin kusa da bango, ya yi ƙara ƙal-ƙal, tsaf. Ya ce nan lafiya. Ya matsa gaba kaɗan, sai ƙarar ta canza, ta koma kamar an buga ƙwarya a kife. Ya ce nan kankaren ya rabu da rodi, rataye kawai yake. Ya zana alli. Ya matsa, ya buga, ya zana. Ina tsaye ina kallon zanen allin yana faɗi, yana zagaye gadon kamar da gangan.

Da ya kai daidai saman matashinta, bugu ɗaya ya yi, ba ma da ƙarfi ba. Wani ɓangare mai faɗin faranti ya ɓalle ya faɗo tim a kan matashin, ƙura ta tashi. Muka ja baya. Da ta lafa ya haska fitilar wayarsa cikin ramin. Rodin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi ja-ja, yana ɓarewa sala-sala. Ya sa dogon ƙarfensa ya jawo guntun rodin da ya faɗo tare da kankaren, ya ɗauka ya miƙo mini. Na murza shi da yatsa, ya zama gari. Ƙarfe fa. Na je na ɗaga kankaren da ya faɗa kan matashin daga baya, da hannu biyu na iya ɗaga shi.

Ranar ba a taɓa fata ko ɗaya ba sai da aka kawo sandunan gora da katako aka tokare rufin daga ƙasa, tun daga bakin ƙofa ana matsawa ciki. Sannan aka fara sauke kayan, mutum biyu kawai a sama, daga gefe zuwa tsakiya, fata ɗaya-ɗaya, ba jifa, ba gudu. Kwana biyu aka yi ana wannan aikin, ni ina tsakar gida ina kallon sama, duk wanda ya taka da ƙarfi sai in ce masa ya bi a hankali. Fatu da yawa sun lalace a rana, ko a jikina. Inna kuwa tun ranar farko na kai ta gidan ƙanwata a Arkilla.

Da hankali ya ɗan kwanta, abokina ya ce tunda ya fara bari ya ƙarasa. Ya zagaye gidan da takardarsa. Bai kalli tayil ba ko sau ɗaya. Ya auna tsakanin rijiya da ramin salga da takunsa, ya girgiza kai. Ya shiga ɗakin yara ya tarar shagon da na ƙara a waje ya toshe tagarsu, ya tambaye ni su nawa suke kwana a ciki, ta ina iska take shiga a zafin Sakkwato. Ya duba inda ruwan sama yake bi in ya sauka, ya tona gindin bango da makullin motarsa ya ga ko damshi ya hau. A ƙarshe ya rubuta cewa ɓangaren Inna bai dace da zaman mutum ba sai an sauke rufin, sauran kuma yana son gyara. Abin ya yi mini ciwo. Na ce, "To duk tayil ɗin nan da ƙofar ƙarfen, ba ka rubuta su ba?" Ya juya mini takardar ya ce in nemo inda aka bar musu wuri. Na so in ɗora wa wanda ya gina gidan laifi, ya ce a'a, dekin sauran ɗakunan garau yake, mai ginin ya yi aikinsa. Ni na kashe nawa da hannuna.

Da aka zo fasa rufin, birkilan ya ce bai taɓa cin kuɗin aiki a banza irin na ranar ba. Suna cire tokaran tsakiya, kafin su ɗaga guduma sau uku, rabin dekin ya sauka da kansa. Na mayar da rufin na kwano da silin, na kwashe aikin fata na kai bayan gari inda ƙasa za ta sha ruwanta.

Kafin Inna ta dawo na je Arkilla na same ta ita kaɗai a ɗaki. Na durƙusa na ce ta yafe mini, na kusa kashe ta ban sani ba. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Kai ne ba ka sani ba. Ni na sani."

Na ɗago na dube ta.

Ta ce ya fi wata biyar yashi yana zubo mata a gado. Kullum da safe sai ta kakkaɓe zanen ta tura yashin ƙarƙashin gado da ƙafa kafin matata ta shigo da koko. Wani lokacin tana jin rufin yana ƙara ƙas-ƙas in rana ta take. Ta ce, "Ka tuna da na hana jikokina shiga ɗakina, kunka ce tsufa ya sa ni faɗa? To shi na. In abin ya zo, shi same ni ni ɗaya."

Na ce, "Inna, don Allah mi ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Abincin gidanka duka bisa dekin can yake. In na faɗa, ina za ka kai shi? Kuma na ga yadda kaka jin daɗi in ka kawo baƙi suna yaba ɗakin. Ban so in zama ni ce na ɓata maka."

Na fita na zauna a mota na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

Yau in aboki ya ce in raka shi ganin gida, dariya suke yi mini, don ina shiga sama nake fara kallo, in ga sabon fenti a rufi sai na tambayi me aka rufe da shi. Kuma in akwai tsoho ko tsohuwa a gidan, sai na san yadda na yi na zauna da su mu biyu na tambaye su abin da suke ji da abin da suke gani, don na gane su ne suka fi kowa sanin ɗakin, kuma su ne ba za su faɗa ba. Tsoron bai sake ni ba har yanzu. Wani lokacin ina tsakiyar ciniki a kasuwa, wani ya yar da buhu a bayana, sai in ɗaga kai in dubi sama.

Inna ta ƙara shekara huɗu a sabon ɗakinta, jikokinta suna hawa gadon suna sauka yadda suka ga dama. Ta rasu da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya, kanta a kan cinyata. Mutane suna yi mini ta'aziyya ina amsawa, amma abin da nake ta maimaitawa a zuciyata daban ne, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Godiya nake yi wa Allah da ya karɓe ta da kansa, bai bar ni na zama sanadi ba.